Ɗaki Ɗaya a Fagge

A Kano ta da, saurayin da aka haifa a cikin birni ba ya yawon neman wurin kwana. Da zarar ya fara tasawa, sai a raba shi da ɗakin mahaifiyarsa a nuna masa shago, ɗan ɗakin nan na jikin soro da ƙofarsa ke kallon waje. Nan zai zauna shi da ƙannensa maza da abokan da ba sa rasa dalilin kwana, har ranar da za a yi masa aure a yanka masa sashe a cikin gida. Ba wanda ke karɓar kwabonsa. Haya ta baƙo ce, baƙo kuwa an san unguwannin da yake sauka, kuma babbarsu ga Musulmin da ya zo daga wani gari ita ce Fagge.

Fagge tana bayan ganuwa, tsakanin tsohon birni da Sabon Gari, kuma tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 wurin saukar matafiya ce; nan ayarin Buzaye masu gishiri ke durƙusar da raƙumansu. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ba da daɗewa ba aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan da suka biyo shi daga kudu, Kwarori kuma suka gina gidajensu da kantunansu a gefen Fagge, wuraren da daga baya suka zama kasuwar Kantin Kwari. Duk wanda ya taso daga Haɗeja ko Damagaram ko Katsina ko Maraɗi da niyyar neman na kansa, nan ƙafarsa ke kawo shi. Da haka mutanen unguwar suka gaji sana'ar saukar baƙo. Fatoma ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kayanka, ya nemo maka mai saye, in kuwa ka ci bashi ka gudu, shi za a riƙe. Gidan hayar Fagge daga wannan masaukin ya samo asali, kuma har lokacin da na shige shi bai gama rabuwa da wannan hali ba.

Na shige shi ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya fara koro samari daga ƙauyuka. Ina yaron shago a Kwari, ina kwana a kan dilolin atamfa, har ubangidana ya ga abin ya isa haka. Wata rana bayan la'asar ya ce in biyo shi. Muka tarar da maigidan a kan buzunsa a soro, tsoho mai farin gemu, yana jan carbi. Bayan an gaisa ubangidana ya ce, "Alhaji, ga yaron da na yi muku magana. Ɗan garinmu ne, na san ubansa, na san gidansu." Tsohon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, ba na son yawon dare, ba na son tarkacen abokai. Bayan isha'i da kaɗan ake sa wa ƙofa sakata. Za ka iya?" Na ce, "Zan iya, Baba." Ya kira wani jikansa ya ce a ba ni makullin ɗakin da ke bayan soro, a layin marasa iyali. Yarjejeniyar ke nan. Ba takarda, ba sa hannu, ba kuɗin gaba. In wata ya mutu in kai masa kuɗinsa; in kasuwa ta yi tsami in je in durƙusa in nemi a ɗaga mini ƙafa zuwa mako mai zuwa, ya ce Allah ya hore. Shi da kansa ya shaida wa mai unguwa cewa ya yi sabon baƙo.

Kada wanda bai zauna a irin gidan ba ya ɗauka daɗi ne zalla. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, tsakaninsu ɗan fili da igiyoyin shanya suka sarƙe. A cikin ɗakin akwai katifa a ƙasa, ledar shimfiɗa, akwatin ƙarfe, risho a lungu, rediyo a kan taga, da ƙusa a bango ta rataye riga. Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana banɗaki. Guda ɗaya ne a wajenmu, guda ɗaya a cikin gida wajen masu iyali, mutane kuwa ga su nan birjik. Da asuba sai ka ga butoci a jere a bakin ƙofarsa, kowace tana riƙe wa mai ita layi, wanda ya makara kuwa sai ya yi alwala kawai ya bar wankan sai dare. In ciki ya ɓaci, gidan duka ya sani. In masai ya cika, a kwashe kwanaki ana cacar baki kan karo-karon kuɗin masu kwashewa, wannan ya ce shi ba ya wuni a gida, wancan ya ce baƙin wane ne suka cika shi. Da damina ruwa ya kwanta a tsakar gida, a jera bulo ana takawa.

Abin da mata ke gani ya fi namu, kuma sai da na yi aure na koma cikin gidan na gane girmansa. Amaryar da aka kawo jiya dole ta ratsa tsakar gida da bokiti da sassafe, idanun matan gida a kanta. Abin da kika dafa an sani, ranar da ba ki ɗora tukunya ba an sani, abin da mijinki ya faɗa miki da dare an ji ta bango. Faɗan yara ya zama na iyaye, faɗan iyaye ya kai gaban maigida, wani lokaci har gaban mai unguwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, kuma a gidan haya aka fi ganin gaskiyarsu. Na san auren da wannan zaman ya kashe, ba don ma'auratan ba sa son juna ba, sai don ba su taɓa samun inda za su yi saɓani su shirya ba tare da 'yan kallo ba.

Amma idanun da ke hana ka sakewa su ne kuma ke lura in ka faɗi. Da zazzaɓi ya taɓa kwantar da ni tun ina saurayi, ban aika wa kowa ba. Uwargidan maigidan, wadda duk muke kira Iya, ita ta lura ba ta ji ƙarar ƙofata ba, ta aiko yaro ya leƙa, sai ga kunu mai zafi, sai ga maƙwabcina tela ya goya ni a Vespa zuwa wurin magani. Da azumi ba mu taɓa ɗora tukunya ba. Kafin a kira magariba kwanuka sun fara fitowa daga cikin gida, wannan ƙosai, wannan kunun tsamiya, wannan ɗan wake. In tashe ya kama, yara su tsaya a ƙofar ɗakunan gwauraye suna tsokana, ana ba da labarin Nalako, sarkin gwagwaren Kano, da yadda yake farautar marasa mata a watan. Tsokana ce, amma tana nuna cewa mara aure yana da gurbi a unguwa: an san shi, an san ɗakinsa, ana jiran ranar da za a sha bikinsa. Sau da yawa ma maigidan ne ke shige masa gaba wajen neman auren, tunda shi za a fara tambaya halinsa.

Ba dare ɗaya abin ya juya ba. Mutane sun ƙaru, wannan kowa ya gani; ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, ƙaramar hukumar Fagge kaɗai kusan dubu 200, kuma tun daga lokacin ba a daina shigowa ba. Amma abin da ya fi cinye ɗakunan kwana a Fagge kasuwa ce. Da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa, atamfa da shadda da leshi suka koma zuwa daga waje, galibi daga China, kwantena bayan kwantena, kaya kuwa suna son wurin ajiya kusa da Kwari. Ɗan kasuwa zai biya kuɗin sito ninkin abin da saurayi zai iya biya na kwana, ga shi dila ba ta shan ruwa, ba ta cika masai, ba ta kawo baƙi. Sai layukan da ke kusa da titin Ibrahim Taiwo da titin IBB suka fara rikiɗewa, gidan da ka san yana da soro da tsakar gida ka dawo ka tarar da bene mai ƙofofin ƙarfe tun daga ƙasa har sama. Tsofaffin masu gidajen kuma suka yi ta rasuwa. Gidan da mutum ɗaya ya riƙe ya zama gadon 'ya'ya da jikoki, ba ya rabuwa sai an sayar, wanda ya saya kuwa attajiri ne da ke zaune a Nassarawa ko Abuja, bai san 'yan hayarsa ba kuma ba ya neman ya san su. Gidan da na zauna ma haka ya ƙare.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo. A hankali hayar wata ta ɓace, ta shekara ta maye gurbinta, wani wurin ma a ce sai ka kawo ta shekara biyu in sabon gini ne. Ban ɗora wa masu gidaje laifin duka ba. Wanda ya ga darajar naira tana zagwanyewa tun daga 1986, wanda ya ga hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ya ga buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon shekarar, yana da dalilin son kuɗinsa a dunƙule tun suna da amfani. Wasunsu marayu ne da zawarawa, hayar nan ita ce abincinsu. Wasu kuma sun sha wuya a hannun 'yan hayar da suka ƙi biya suka ƙi fita, aka yi ta jeka-ka-dawo a kotu. Duk na yarda. Amma a dubi wanda ke ɗaya gefen. Yaron shago ko mai gyaran waya ko malamin makarantar kuɗi samunsa na yau da gobe ne, ko na ƙarshen wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, kuma yawancin samarin da nake magana a kansu ba su ma cikin waɗanda dokar ke kaiwa gare su. An ce wa mai samun kullum ya biya na shekara a rana ɗaya. Hayar wata tsani ce da baƙo ke takawa ya hau gari mataki-mataki. Yanzu an cire matakan ƙasa, an bar na sama.

Tsoro ma ya yi nasa aikin. Bayan hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka hallaka mutane fiye da 150 a cikin Kano, baƙon da ba a sani ba ya zama abin zargi. An rusa wasu gidajen da aka samu 'yan bindiga sun kama haya a cikinsu, saboda haka kowane mai gida ya shiga taitayinsa. Fom ya shigo, da hoton fasfo, da katin shaida, da sa hannun mai tsaya wa mutum. Shekara guda bayan haka, a Janairun 2013, aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana acaɓa a cikin gari. Babur ɗin da ke ɗauko ka daga lungun unguwa mai nisa ya dire ka a bakin kasuwa da ɗan kuɗi kaɗan ya tafi, aka koma A Daidaita Sahu, sai zama kusa da wurin nema ya ƙara tsada.

A cikin wannan yanayi ne sabon ɗakin ya yaɗu: ɗaki ɗaya mai banɗakinsa a ciki, da ɗan lungun girki, da ƙofarsa ta kansa. An fi fara ganinsa a unguwannin da ɗalibai da masu hidimar ƙasa da ma'aikatan banki ke nema, kamar Kabuga da Ɗanbare da Rijiyar Zaki a kewayen Jami'ar Bayero, daga nan ya shigo tsofaffin unguwanni. A Fagge yawanci a saman shaguna yake, ko a wani tsohon gida da aka rushe aka yayyanka.

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda ke gyaran waya a titin Beirut, ya ce mini ya gaji da kwana a shagon ubangidansa, yana son ɗaki kusa. Na ce ya bari in shige masa gaba, kamar yadda aka shige mini. Na sa babbar riga, muka fita. Da na tambayi inda za mu sami masu gidajen, sai ya ce, "Kawu, ai yanzu ba a zuwa wurin mai gida, dillali ake nema." Dillalin ma a waya ya same shi, har ya riga ya turo masa bidiyon ɗakuna. Muka tarar da shi a kan benci a bakin wani shago, yaro ne mai ladabi, ya miƙe ya gaishe ni. Ya ce, "Alhaji, ɗaki akwai, amma kuɗin gani daban ne, ko an kama ko ba a kama ba." Bayan wannan akwai la'adarsa, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shekara, akwai kuɗin takardar yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna wanda aka ce za a mayar ranar fita. Kafin ka sa ƙafa a ɗakin, abin da ka kashe ya haura kuɗin hayar da nisa.

Ɗakin farko da ya yi wa yaron, da dillalin ya buga waya sai ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, an ce ba a ba mara aure." Na ce, "Malam, ni kawunsa ne. Na zauna a unguwar nan tun ba a haife ka ba, limamin masallacin can ya san ni, 'yan Kwari sun san ni. Kai ni wurin mai gidan in tsaya masa." Ya ce, "Wallahi Alhaji ni ma ban taɓa ganinsa ba. Lauyansa nake kai wa kuɗi." Na daɗe ina juya wannan amsar. Mutuncin da mutum ya tara a unguwa a da kadara ce, yana iya ara wa ɗansa ko yaronsa ya shiga gari da ita. Har yanzu ina da ita, amma babu wanda zan miƙa wa. Fom yana da gurbin sunan mai tsayawa da lambar wayarsa, ba shi da gurbin cewa na san ubansa, na san gidansu.

Daga ƙarshe an samu wani a bene na biyu, saman wasu situna. Da aka buɗe ƙofar na shiga, gaskiya ta burge ni. Ƙasa tayil, taga ta alminiyom da ragar sauro, fenti sabo, mitar wuta ta kati a bakin ƙofa, wadda ta kashe tsohuwar rigimar nan ta wa ke da dutsen guga, wa ke da hita. Ga banɗaki nan a ciki, taku uku daga inda za a sa katifa. Na tsaya a ƙofarsa ina tuna butocin asuba, ina tuna matata da bokiti. Duk wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai taɓa bin layin masai ba. Sutura ce, kuma addininmu da al'adarmu duka suna girmama ta. Saurayin da ke da irin wannan ɗaki zai iya kawo amarya ba tare da ya jefa ta cikin idon jama'a ba, mara lafiya zai yi jinyarsa a rufe, mai karatu zai sami shiru. Ba na fatan ɗan ƙanwata ya koma irin zaman da na yi.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bayan ya tare ya fara ba ni labari. Banɗakin zamani ruwa yake ci, ruwan kuwa sai an kunna injin rijiyar burtsatse ya hau tanki, injin sai da wuta ko mai. Ranar da babu, sai ya kira ɗan garuwa, shi kuma kuɗin jarka a bene na biyu ba ɗaya yake da na ƙasa ba, kuma da gaskiyarsa. Masai na tsohon gida yana can nesa a ƙarshen tsakar gida. Wannan in ba ruwa, da shi za ka kwana. Ga zafi. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe sanyi da rana, amma bulo da kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, sai su mayar da ɗakin wurin da ba ya shiguwa kafin tsakar dare. Da babu tsakar gida, babu inda za a fitar da tabarma. Ƙarar kuwa ba ta yankewa: janareto, hon ɗin A Daidaita Sahu, manyan motoci masu sauke kaya da dare, masu tura kura suna neman hanya. Wannan ta ƙarshe ba ta dame shi ba. Ya ce in ya ji ta ya san yana tsakiyar nema, in ya sauko mai shayi na nan, mai gurasa na nan, masallaci na nan, wurin aikinsa tafiyar ƙafa ce. Na fahimce shi, don abin da ya riƙe mu a Fagge ke nan tun farko.

Abin da ya dame ni shi ne da na tambaye shi su wa ke ɗakunan da ke kusa da nasa. Ya ce ɗaya yana jin ma'aikacin banki ne, ɗaya kuma ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai yana jin ƙarar makullinsa. Ba miskilanci ba ne, yaro ne mai son mutane. Ginin ne bai bar inda za a haɗu ba: babu soro, babu rijiya, babu tsakar gida, sai matattakala da kowa ke wucewa da sauri. Abokansa suna cikin wayarsa, kuma suna da yawa, amma waya ba ta lura cewa ba a ji ƙarar ƙofarka ba yau.

Shi ma ya yi sa'a, namiji ne. Macen da ba ta da miji, ko ma'aikaciyar jinya ce da aka turo daga wani gari, ko bazawara mai 'ya'ya da gidan iyayenta ya yi wa kaɗan, ita ce ta fi shan wuya. Kafin ta buɗe baki an riga an yanke mata hukunci. Wasu sai sun zo da wa ko kawu ya kama da sunansa. Ina ganin wannan zalunci ne da muke yi muna kiransa tsare tarbiyya, domin matar da aka hana ɗaki mai ƙofa da makulli a unguwar mutane ba a tsare ta daga komai ba, an dai tura ta inda ya fi haɗari. A tsohon tsari da duk takurarsa, irin wannan mata tana iya samun ɗaki a cikin gida kusa da uwargida, a ce 'yar gidan ce. Mun rushe wancan ba mu gina mata wani ba.

Waɗanda ba su iya haɗa kuɗin shekara a tsakiyar gari kuwa sun fantsama gefe: Bachirawa, Rijiyar Lemo, Mariri, Ɗorayi, Gaida, inda ɗaki ya fi sauƙi. Sauƙin bai daɗe ba. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce haka, sai abin da aka rage a haya ya koma kuɗin mota. Shi ya sa in ka bi layukan Kwari da Singa da dare za ka ga samari a kwance a barandar shaguna, ba don ba su da sana'a ba. Wasunsu suna da ɗaki a bayan gari, sai ranar hutu suke ganinsa.

Ba na jin maganin ya fi ƙarfinmu. Jihar Legas ta yi doka tun 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake doka a takarda ba ta gina ɗaki, kuma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa mai gida ne ke da ta cewa. Gidajen da gwamnatocin Kano suka gina, daga irin na Kundila zuwa rukunonin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, na masu iyali ne da masu abin hannu. Saurayin da ya sauka a tasha da jaka ɗaya ba ya cikin lissafin. Attajiranmu kuwa, Allah ya saka musu, suna gina masallatai da makarantun Islamiyya. Ina fatan wasunsu su ga cewa jerin ɗakuna masu tsabta kusa da kasuwa, kowane da banɗakinsa, da ɗan fili a tsakiya inda za a shimfiɗa tabarma, da dattijo guda da ke zaune a gidan ya san kowa, a riƙa karɓar haya wata-wata, shi ma wakafi ne mai lada. Masu gidan da ke tsoron a cinye musu kuɗi suna iya karɓar tsayawar ubangida ko ƙungiyar 'yan kasuwa, tunda kowane layi a Kwari yana da shugabanninsa, kuma sun fi kowane fom sanin wane ne mai riƙon amana.

Samarin dai ba su zauna jiran kowa ba. Ɗakin da aka gina don mutum ɗaya, ɗan ƙanwata ya kira wani abokin aikinsa sun raba kuɗin, yanzu har da ƙanin abokin da ya zo daga gida koyon sana'a. Sun jingine katifa ɗaya a bango da rana don a sami wurin sallah. Sun shiga adashe da wasu 'yan layinsu, an tsara kwasar kowa ta faɗo a watan da hayarsa ke ƙarewa. Tun a wata na biyu ya fara zubin kuɗin baɗi, domin dillalin ya riga ya gaya masa cewa za a yi ƙari, kuma akwai wani ɗan kasuwa da ya tambaya ko za a ba shi benen gaba ɗaya ya zuba kaya.